Ƙwayar bitamin D3 mai 1,000 IU: tana da amfani, amma ba maganin asma ba ce

Da hunturu ya kama, ƙura ta fara tayar wa masu asma da ciwo, wasu masu kemis kan miƙa musu robar bitamin D3 wai tana rage tashin ciwon. Ita ƙwayar ba ta da laifi. 'Yar ƙarama ce mai ruwan mai a ciki, ana shan ɗaya a rana tare da abinci mai maiƙo, domin a cikin mai take narkewa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada kuma a bar ta cikin mota, zafi na sa ƙwayoyin su manne da juna.

Alkawarin da ake ɗora mata ne bai tabbata ba. A gwajin VIDA da aka wallafa a Amurka a 2014, an ɗauki manya 408 masu asma da ƙarancin bitamin D, aka ba rabi 4,000 IU (IU ma'aunin yawan bitamin ne) kullum har mako 28, ciwonsu bai fi na sauran lafawa ba. Nazarin 2016 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, ya sa an yi fata, amma da aka sabunta shi a 2023 da gwaje-gwaje 20, ba a ga raguwar mummunan tashin asma ba.

Wanda ya kamata ya saya shi ne wanda gwajin jini ya nuna bitamin D ɗinsa ƙasa da 12 ng/mL, da matan da ba sa samun fita rana, da mai asmar da ya daɗe yana shan prednisolone, saboda maganin na raunana ƙashi. Wannan don ƙashi ne, ba don huhu ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne mutum ya ajiye inhelarsa ta kariya, irin beclomethasone ko budesonide, ya koma wa bitamin. Inhelar ce ke kwantar da kumburin hanyar numfashi, in aka daina, cikin 'yan makonni za a ga shuɗiyar inhelar salbutamol, ta samun sauƙin gaggawa, ba ta barin hannu, tari na tashin mutum da asuba. In kuɗi bai isa duka biyu ba, a sayi inhela.

Akwai kuma ƙwayar bitamin D mai 50,000 IU, wadda likita ke rubutawa sau ɗaya a mako. Wasu na shan ta kullum, alhali iyakar abin da babban mutum zai sha da kansa a rana 4,000 IU ce. Sai kalsiyam ya taru a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, amai, bushewar ciki, har tsakuwar ƙoda. Wanda ya ga haka ya dakata da ita, ya je asibiti da robar a hannu.