Shagon waya a Wadata: mai duba sunan manhaja kafin ya saka

Akwai wani ɗan shagon gyaran waya a gefen kasuwar Wadata a nan Yamai, can nake kai Tecno ɗina ta sana'a. Maigidan dala ɗari yake karɓa ya saka manhaja. Abin da ya sa na riƙe shi guda ne: koren tambarin WhatsApp ba ya ruɗarsa, sai ya ga sunan ciki.

A wurinsa na san kowace manhajar Android suna biyu gare ta. Akwai wanda muke gani a Play Store, wanda Google ta rage tsawonsa daga haruffa 50 zuwa 30 a 2021. Akwai kuma na ciki mai ɗigo-ɗigo, da ke farawa da adireshin kamfanin a juye: com.whatsapp, ko com.whatsapp.w4b na 'yan kasuwa. Na waje kowa na iya kwaikwaya, shi ya sa a 2017 mutum sama da miliyan ɗaya suka sauke WhatsApp na jabu. Na ciki kuwa manhaja biyu ba sa tarayya a kansa a Play Store.

Rannan na raka ƙanwata mai sayar da atamfa. Ya shiga saitin wayarta, ya sa farce a ƙarƙashin wani ƙaramin rubutu.

"Hajiya, wa ya turo miki wannan? Kin ga, com.gbwhatsapp. Ba ta kamfani ba ce, suna iya rufe miki lamba."

Lambar nan ita ce duk kasuwarta. Nan take ya sauya mata manhajar.

Sunayen kansu dai suna ci mini rai. Na Facebook wai com.facebook.katana, na Messenger com.facebook.orca. Na TikTok ya fi muni: com.zhiliaoapp.musically, haruffa 24, babu TikTok ko ɗaya a ciki. Gadon Musical.ly ne da aka haɗe da TikTok a 2018, kuma in aka canza sunan ciki, ta zama wata manhaja dabam. To ina mahaifiyata za ta gane wannan ce ta gaskiya?

Nan shagon ma ya gaza. Duk sunayen a ƙwaƙwalwar maigidan suke. In ya fita, yaronsa sai ya saka abin da aka miƙo masa. Na roƙe shi ya rubuta na manhajojin da aka fi nema ya manna a bango, har yau shiru. Benci ɗaya ne, rumfar kuma ba ta tare rana. In za ku je, ku je da safe, ku tabbata maigidan ne da kansa.