Na ɗauko masu awon maganaɗisu saboda batirin zuciyar Kawu

Warsharmu, wato shagonmu na walda, tana sana'iyya, unguwar masu aikin hannu ta kudancin Jidda, ƙofofi da tagogi da matattakala muke haɗawa, mu shida. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya fara riƙe mini hannu a kan walda ina ɗan shekara 14. Bara bayan babbar Sallah ya yanke jiki ya faɗi sau biyu cikin mako guda, aka gano zuciyarsa tana jinkirin bugawa, aka dasa masa na'urar nan da ake binnewa a ƙarƙashin fata a saman ƙirji ta hagu, wadda a nan kowa ke ce wa battariya. Da ya warware ya ce aiki zai koma. Inna ta ce ko ƙofar warsha kada ya sake takawa, shi kuma ya ce zaman gida ne zai kai shi kushewa. Likitansa bai bi bayan kowa ba, cewa ya yi a nemo masu auna ƙarfin maganaɗisu da lantarkin wurin, a kawo masa takarda.

Kamfani uku na kira. Biyu ƙura da ƙara kawai suke aunawa. Na ukun ya karɓi aikin a kan riyal 2,800, kuma ofishinsu ya gasa mini aya a hannu: sau biyu suna sa rana suna tayarwa, ta biyun ma sai da na dakatar da aikin wani mai gida na zauna jiransu har azahar. Da a nan zan yanke hukunci, da ban ba kowa shawarar ya neme su ba.

Injiniyan da suka turo shi ya wanke su. Mutumin Sudan ne, daga Mai Wurno kusa da Sinnar, jikan mutanenmu da suka yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Hausarsa irin ta kakanni ce, har Kawu ya riƙa dariya. Bai buɗe jaka ba sai da ya ce, "Baba, ina katin battariyar?" Ya kwafi sunan kamfanin da ya ƙera ta da samfurinta, ya tambayi inda Kawu ke tsayawa, da yadda yake riƙe kayan aiki. Daga nan ya sa Kawu ya koma bakin titi ya zauna, ya ce mana mu kunna komai kamar ranar da aiki ya yi yawa, domin injin da ke kashe ba ya nuna halinsa.

Na'ura biyu ya fito da su. Ɗaya ta maganaɗisun da ke zaune wuri guda ce, irin na dutsen maganaɗisu, ɗayar ta wanda wutar lantarki ke haifarwa yana kai da komo, sau 60 a daƙiƙa a Saudiyya, ba 50 ba kamar Najeriya da Sudan. Duk awon a daidai tsayin ƙirji ya yi shi. Ya rubuta mini iyakokin a bayan wani kwali: mikrotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan) 500 ga na zaune, wanda dokar Tarayyar Turai ta 2013 ta ajiye domin masu irin wannan na'ura, sai mikrotesla 100 ga na wutar lantarki, adadin da masana lafiyar ma'aikata na Amurka suke ba da shawara. Ita kanta ƙasar da muke takawa, in ji shi, tana da nata kamar 40 a yankinmu.

Bayanin da ya fi shiga kaina shi ne yadda cutarwar take faruwa. Ni na ɗauka wuta ce za ta ƙone battariyar. Ashe na'urar saurare take yi. Wayoyinta da suka shiga cikin zuciya suna jin kowane bugu, in ta ji shiru sai ta tura nata. Maganaɗisu mai ƙarfi kan jefa hayaniya cikin wayoyin nan, na'urar ta zaci zuciya ce ke bugawa, ta kame hannunta a daidai lokacin da ake buƙatarta. Jiri ke nan, ko suma, a hannun mutum kuma ga sarukh, injin yanka da goge ƙarfe, yana juyawa.

Duk mun zuba ido kan tsohuwar transifomar walda, muna jiran ta fi kowa laifi. Taku biyu daga jikinta lambar ta faɗi ƙasa warwas. Mai laifin kebul ne. Da yaro ya ɗaga wuta zuwa amfiya 200, injiniya ya kara na'urarsa kamar santimita 10 daga kebul ɗin, ta nuna wajen mikrotesla 400. Da ya ja baya mita guda ta sauko kusan 40. Kawu kuwa shekara talatin da ɗoriya a kafaɗar hagu yake rataya kebul in yana walda, ya bi ta kan ƙirjinsa. Ban faɗa wa Inna wannan ba har yau. Da aka murɗa kebul ɗin biyu suka zama kamar igiya, aka matso da maƙalin da ke damƙe kebul a jikin ƙarfen kusa da inda ake waldar, lambar ta ƙara raguwa sosai a gabanmu.

Maganaɗisun da muke ɗaga farantin ƙarfe da shi ya wuce iyaka nesa ba kusa ba in aka matso jikinsa, haka ƙananan da muke riƙe kusurwa da su. Sai kuma abin da ba na warsha ba: injiniya ya hango wayar Kawu a aljihun gaban jallabiya, daidai kan battariyar, ya ce tazarar santimita 15 ake so, a mayar da ita aljihun gefe na dama, a riƙa karawa a kunnen dama.

Kawu ya matsa masa: "Ɗana, zan yi walda ko ba zan yi ba?" Ya ce shi mai awo ne, wannan magana ta likita ce. A lokacin na ji haushi, kuɗi na biya. Daga baya na ga gaskiyarsa, bai san yadda aka saita na'urar ba, bai kuma san iya dogaron zuciyar Kawu a kanta ba.

Rahoton ya ɗauki kwana 19 maimakon mako gudan da suka alkawarta, ya zo da Turanci zalla, ba ko shafi ɗaya na Larabci, sai da ɗiyata ta zauna ta fassara mana. Amma zanen warshar da ke ciki, kowane inji da tazararsa, ya yi kyau ƙwarai, likita ma a kansa ya tsaya. Ya yarje wa Kawu awo da yanka da kula da yara, walda kuma ƙarama kawai, ƙasa da amfiya 160, tsakanin tartsatsin da ƙirjinsa santimita 60, safar hannu a bushe, kuma kada ya yi shi kaɗai. Maganaɗisun ɗaga faranti ya haramta masa gaba ɗaya.

Mun zagaye wurare uku da jan fenti a ƙasa. Kawu yana kiransu haramin Inna, amma ban taɓa ganin ya tsallaka ba. Wata mai zuwa za mu kawo sabon injin walda mai aiki da iskar argon, kuma injiniyan ya riga ya gaya mini duk sabon inji sai an sake awo. Su zan sake kira, sai dai wannan karon rabin kuɗin zan riƙe har rahoto ya shigo hannuna.