Garejin da ya gano gurnanin Hilux ɗina

Tun tsakiyar watan Agusta Hilux ɗina ta fara wata ƙara daga ƙasa, wani gurnani kamar ana markaɗe a gidan maƙwabta. Motar ƙirar 2012 ce, mai shan fetur, da ita nake zirga-zirga tsakanin Kano da gonata ta shinkafa a wajen Kura. Kafin a isa gonar akwai rafin da ake tsallakawa. Da rani ko idon sawu ba ya kaiwa, amma bana sau uku ina shiga ruwa yana rufe taya.

Bakaniken da na fara kai wa bai ko tuƙa motar ba. Ya girgiza ƙafar gaba, ya ce boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ƙafa ke juyawa a kansa, aka canza guda biyu. Ban wuce Na'ibawa ba ƙarar ta dawo. Da na koma sai ya ce ai dama giyabos ne, sai an sauke. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin takin da na ware ne ake ci da kirdado.

Wani abokina direban tirela ne ya kwatanta mini garejin da nake son yin magana a kansa. Yana wani lungu daga titin Zariya, ba allo, ba fenti, sai rami ɗaya da rumfar kwano da yara huɗu masu koyon aiki. Mai wurin dattijo ne, gemunsa ya yi furfura. Da na fara jero masa abin da aka ce, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, bar abin da suka ce. Yaushe take yi? Da sanyi ko sai ta yi zafi? In ka taka totur ko in ka ɗaga ƙafa?" Na ce, "Wallahi Baba, ban lura ba." Ya karɓi makulli ya ce mu je.

Wannan tuƙin na kusan minti 30 shi ne dalilin rubutuna. Kafin mu tashi ya ba ta wuta a tsaye, shiru, ya ce to inji ba ruwansa. A kan kwalta ya riƙe gudu ɗaya, wajen 60, ya sa giya uku, ya sa huɗu, ya sa biyar. Kukan inji yana canzawa, gurnanin yana nan yadda yake. Ya ce ƙarar da ke bin gudun taya ba ta damu da giyar da aka sa ba, a nemi mai laifi daga bayan giyabos zuwa ƙafafu. Da hanya ta yi sarari ya riƙa karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Boris ɗin ƙafa in ya mutu, ƙararsa takan ƙaru idan nauyin mota ya koma gefensa, ta ragu idan ya koma ɗaya gefen. Nan ma ba abin da ya canza. Sai ya taka totur ya ɗaga, ya taka ya ɗaga. Duk ɗagawa gurnanin sai ya taso, har ina jin sa a ƙarƙashin kujerar baya. Bai ce komai ba, ya dai gyaɗa kai.

Bai tsaya nan ba. Ya sauka wani fili mai ƙasa, ya sa ogzilari a 4H, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu duka su ja mota, ya murɗe sitiyari har ƙarshe yana zagaye, yana sauraron ƙas-ƙas ɗin da shaf ɗin gaba, sandar da ke juya ƙafar gaba, ke yi in gaɓarsa ta ci. Babu. Sa ogzilarin ma bai ƙara wata ƙara ba, don haka ya wanke gaban motar daga zargi gaba ɗaya.

A gareji aka ɗora ta a kan ƙarafan tsayawa, ba jak kaɗai ba. Ya kama farfela, doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya, ya girgiza. Kuros, wato gaɓar farfelar, lafiya lau, amma inda farfelar ta shiga aksil ɗin baya, ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu, akwai ɗan wasa. Ya sa yaro ya tayar da mota ƙafafun baya suna juyawa, ya ɗauko doguwar sukudireba, ya dafa bakinta a jikin ƙoƙon aksil, ya kara kunne a kan ƙotar. Sannan ya miƙo mini. Abin da na ji kamar ana tauna tsakuwa. Da aka kwance notin tsiyaye mai, abin da ya zubo kalar kunun gyaɗa ne, maganaɗisun da ke jikin notin kuma ya yi gashi da garin ƙarfe.

Sai ya tambaye ni ko ina shiga ruwa. Ya nuna mini wata ƴar hular ƙarfe a saman aksil, ta nan yake numfashi. Aksil ya yi zafi da tafiya, ka afka da shi ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta nan ko ta sil, robar da ke hana mai yoyo. Ruwa ya gauraya da man giya, boris ɗin finiyon, wato ƙaramar giyar da farfela ke juyawa a cikin aksil, ya yi tsatsa, ya fara cin kansa. Da na ƙara wata ɗaya ina tuƙa ta haka, in ji shi, da haƙoran giyar cikin aksil ma sun tafi.

Haƙoran sun tsira. Ya ƙi yarda da boris na Beljiyam, ya haɗa ni da yaronsa muka je Ƙofar Ruwa muka sayo sababbi na kamfanin Koyo, da sil, da man giya GL-5. Wajen haɗawa na ga bambancinsa da sauran. Bai ɗaure notin finiyon lokaci ɗaya ba, yana ɗaurewa yana juyawa da hannu yana jin nauyinsa. Ya shafa fenti a haƙoran ya juya don ya ga inda suke haɗuwa, ya kwance ya sake saiti har sau biyu. Ya kuma ɗaura wa wurin numfashin tiyo ya ja shi sama can ƙarƙashin bodi.

Faɗa ma na sha, kuma na ji daɗinsa. Ya ga tayar gaba ɗaya ba girmanta ɗaya da sauran ba, ya ce in canza. Ya ce kada in ƙara barin mota a 4H a kan busasshiyar kwalta, domin irin wannan Hilux in an sa ogzilari gaba da baya a kulle suke juyawa tare, in taya ba ta samu inda za ta ɗan zame a kwana ba, ƙarfen ciki ne ke shan wahala.

Akwai inda wurin ya gaza. Kwana uku ya ce, sai da aka yi biyar, ni kuwa ina da ma'aikata a gona. Ba ya ɗaga waya in yana aiki, ba ya kuma biyo kira. Ba rasit, ba wurin zama sai benci ɗaya a rana, in an yi ruwa filin ya zama caɓi. Kuɗin aikinsa ya fi na gama-gari, ba ya ragi, kuma gwajin da ya yi a hanya ma sai da na biya daban. Mai gaggawa zai ji haushi a nan.

Ya ce bayan mako biyu in dawo a duba man. Na koma, aka buɗe, mai garau, maganaɗisu ba komai sai ɗan baƙi-baƙi. Tsofaffin boris ɗin gaba da aka cire mini a garejin farko suna bayan kujera, na nuna masa. Ya juya su a yatsa kusa da kunne, ya ce in adana, lafiyarsu ƙalau.