Yawon ɗanɗana abinci a tsibiri: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk tsibirin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa cikinsa, ba ka rasa masu tallar zagayen yini guda na ɗanɗana abinci da abin sha, ku 'yan kaɗan da ɗan jagora ɗaya. Tallar kusan iri ɗaya ce ko'ina: hoton faranti shaƙe da abinci, hoton wata dattijuwa tana murmushi a bakin murhu, sai alƙawarin za a kai ka inda 'yan gari ke ci. Sai ka biya sannan ka gane ashe ba haja ɗaya ake sayarwa ba. Wani abinci ya sayar maka, wani kujerar mota, wani kuwa kai ne hajar, shagunan abokan cinikinsa zai yi ta zagayawa da kai yana karɓar la'ada. Saboda haka kafin ka dubi farashi, fara duba yadda za a kashe maka awannin yinin: nawa ne a bakin abinci, nawa ne a kan hanya.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne zagayen ƙafa a cikin gari, wanda yawanci ba ya wuce awa uku zuwa huɗu. A Palermo, babban birnin tsibirin Sisili na Italiya, tsoffin kasuwanni uku ake bi: Ballarò da Capo da Vucciria. Birni ne da Larabawa suka ci a shekarar 831, kuma har yau kana jin sawunsu a cikin girkin, daga lemo zuwa shinkafa da kayan zaƙi. Za ka tsaya gaban mai suya yana tsamo panelle daga tafasasshen mai, wato faifan garin wani irin wake da aka yanka siriri, ya barbaɗa gishiri, ya matsa lemun tsami, ya cusa maka cikin burodi tun yana ƙuna. Taku kaɗan gaba sai arancina, curin shinkafa mai ciko a tsakiya. A Zanzibar kuma ana farawa ne daga kasuwar Darajani, a ratsa lungunan tsohon gari, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, a sha gahawa a Jaws Corner, a ƙare da almuru a lambun Forodhani wajen masu urojo, wani romo mai tsami da dankali a ciki, da masu matse rake da citta da lemun tsami. George Town na tsibirin Penang a Maleshiya ma haka tsarin yake, daga teburin wannan mai abinci zuwa na wancan.

Abin da ya sa nake ganin darajar wannan nau'in shi ne kusan duk lokacin a bakin ci yake ƙarewa. Aibinsa kuma a fili yake: zafi, cunkoso, ci a tsaye, ga shi ba inda za a kai ka wanda ba za ka iya zuwa da ƙafarka kyauta ba. Ke nan ba abincin kake saya ba, idon ɗan jagora kake saya. A Forodhani, alal misali, teburan kifi da jatan lande da ƙaguwa suna da ban sha'awa a ƙarƙashin fitila, amma ba duka ne aka gasa a daren ba, wasu ɗumamawa kawai ake yi. Wanda ya tashi a garin ya san teburin da zai wuce ko kallo bai yi ba. In jagoranka bai san wannan ba, ko ya sani amma akwai mai ba shi kamasho, to ka biya kuɗin rakiya ne kurum.

Na biyu shi ne fita ƙauye a ƙaramar bas, yini cur, gona zuwa gona. Nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido, domin da an ce tsibiri sai mutum ya ɗauka wuri ne ɗan ƙarami. Sisili ita ce tsibiri mafi girma a tekun Bahar Rum, ta haura murabba'in kilomita 25,000, kuma daga Palermo zuwa Catania kaɗai tafiyar kusan kilomita 200 ce. Tsibirin Kirit na Girka tsawonsa ya kai kilomita 260 daga gabas zuwa yamma, tsakiyarsa duwatsu. Madeira ta Fotugal ba ta kai su girma ba, amma hanyoyin ƙauyukanta hawa da gangara da kwana ne. To in ka ga an rubuta awa takwas da tsayawa shida, ɗauki taswirar wayarka ka haɗa wuraren da kanka. Ka cire awa gudan da za a yi ana bin otal-otal ana kwasar mutane da safe, ka cire irinta da yamma. Sau da yawa abin da ya rage bai fi minti ashirin-ashirin a kowace tasha ba, ka sauka, a miƙa maka ɗan cuku a tsinke, a nuna maka inda ake biyan kuɗin tsaraba, direba ya danna hon. Tsayawa uku a yanki ɗaya, da zama a ci abincin rana a natse, sun fi tsayawa bakwai a warwatse nesa ba kusa ba.

Akwai maganar da masu talla ba su cika fitowa da ita ɓaro-ɓaro ba. A tsibiran Turai, in an ce abin sha, giya ake nufi. Zagayen tsibirin Santorini na Girka mafi yawansu gidajen giyar inabi ake bi, haka na gangaren dutsen Etna a Sisili. A Madeira akwai poncha, wadda ake haɗawa da barasar rake da zuma da lemun tsami, a Kirit kuma barasar tsikoudia ce ake tarbar baƙo da ita ko bai tambaya ba. Wanda yake sha, wannan ne ma abin da ya kawo shi. Wanda ba ya sha kuwa, ya sani kaso mai tsoka na kuɗinsa a kofunan da ba zai taɓa ba zai tafi, kuma zai yi zaman jiran wasu a kowace tasha. Kada ka wadatu da amsar “ai akwai lemo”. Tambayi me za a ba ka a madadi, kuma ko za a yi maka rangwame. In ba su da amsa mai gamsarwa, nemi zagayen da tun asali ba a kan giya aka gina shi ba, suna nan da yawa. A Kirit akwai na man zaitun da zuma da cuku. A São Miguel, cikin tsibiran Azores na Fotugal, akwai gonar shayi ta Gorreana da ke aiki tun 1883, ga abarbar da ake nomawa a ɗakunan gilashi. A Sisili akwai cakulan garin Modica da filayen gishirin Trapani. A Zanzibar da Penang kuwa matsalar ba ta cika tasowa ba, domin gahawa da shayi da ruwan rake da na kwakwa su ne kan gaba.

Wanda ba ya cin alade shi ma sai ya buɗe baki, don ba a faranti ake ganinsa ba. Shahararren burodin saifa na Palermo saifar ɗan maraƙi ce, amma a cikin kitsen alade ake soya ta. Ɓawon cannolo na gargajiya, wani kayan zaƙin Sisili, da kitsen alade da ɗan ruwan giya ake kwaɓa shi. A Furnas na São Miguel ana binne tukunya a ƙasa mai zafin aman wuta ta yi awanni tana dahuwa, abin kallo ne ƙwarai, sai dai naman sa da kaza da na alade duk a tukunya ɗaya suke. A Penang masu soya taliyar char kway teow da dama da kitsen alade suke yi, alhali shinkafar nasi kandar girkin Musulmi 'yan asalin Indiya ne, kuma a Maleshiya akwai tambarin halal na hukumar JAKIM da za ka iya dubawa. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande ko alkama, hukuncinsa ɗaya ne. Ka rubuta musu tun kafin ka biya, ka ga irin amsar da za ta dawo. Wanda ya lissafa maka abin da za a canza a kowace tasha ya san aikinsa. Wanda ya ce “babu damuwa” ya yi shiru, damuwar tana nan tana jiran ka.

Nau'i na uku, wanda ni dai na fi karkata gare shi, shi ne yini a gida ɗaya ko gona ɗaya, a je cefane tare, a yi girki tare, a zauna a ci. Kalar abincin da za ka ɗanɗana ba za ta kai ta zagayen kasuwa yawa ba, amma za ka tashi da abin da hannunka ya koya. A Zanzibar za a zaunar da kai a kan 'yar kujerar katako mai haƙoran ƙarfe a baki, ka riƙe ɓarin kwakwa da hannu biyu kana gogawa, a tace madarar a zuba a miya, ƙamshin kanumfari da kirfa yana tashi daga tukunyar shinkafar pilau. Sai dai a yi hattara, wani “gidan” gidan abinci ne mai kujera arba'in da aka yi wa ado da tabarma. Tambayi mutum nawa ke zama a kicin ɗin lokaci guda, kuma kai za ka riƙe ludayi ko kallo za ka yi.

Tunda an taɓo Zanzibar, gonakin kayan ƙamshi na wajen Kizimbani da Kidichi ba su kai tafiyar awa guda daga gari ba, kuma rabin yini ya ishe su. Yawancinsu gonakin nuni ne, an dasa kowane iri kaɗan-kaɗan don baƙo ya gani, ainihin kanumfarin kasuwa daga tsibirin Pemba aka fi samun sa. Wannan bai rage musu daɗi ba. Za a kankare ɓawon bishiya a kai maka hanci a ce faɗi sunanta, wani saurayi ya hau kwakwa yana waƙa, wani ya saƙa maka hula da ganye. Kowannensu tukuici yake jira, don haka ka tafi da canjin shilin a aljihu. Zagayen jirgin ruwa kuma, inda ake gasa kifi a bakin yashi, yawon teku ne da abinci a gefe. Wanda igiyar ruwa ke juya wa ciki ya haƙura da shi.

Sai batun “ƙaramin rukuni”. Babu wani ƙayyadadden adadi da kowa ya yarda da shi, kowane kamfani da nasa ƙaramin. Mutum shida ko takwas suna iya zagaye tebur ɗaya, kowa ya ji abin da mai gida ke faɗa, kowa ya yi tambaya. Da an kai goma sha biyar, na baya sai dai ya ga motsin baki, kuma kafin faranti ya iso shi ya huce. Nemi a faɗa maka iyakar adadin a rubuce, ka kuma tambayi mafi ƙarancin mutanen da ake tashi da su, domin wasu kan soke tafiya da daddare in ba a cika ba. Idan ku iyali ne, huɗu ko biyar, yi lissafin ɗaukar jagora ku kaɗai. Ba mamaki ka tarar bambancin bai taka kara ya karya ba, ga shi ku ke da ikon tsayawa sallah ko hutun yara ba tare da wani ya ɓata rai ba.

Lokacin shekara yana iya mayar da zagaye mai kyau fanko. Man zaitun a Kirit daga wajen Nuwamba zuwa Janairu ake matsa shi. In ka je a watan Yuli, injin a kashe za ka gan shi, sai bayani da baki. Durian na Penang, wani ɗan itace mai ƙaya a baya, tsakiyar shekara yake cika kasuwa. Ruwan sama mai ƙarfi a Zanzibar daga Maris zuwa Mayu ne, gonaki su yi caɓi, kuma a watan azumi wuraren cin abinci da dama a rufe suke da rana. Kasuwar kifi ta safe ce, ta Forodhani ta dare ce, duk wanda ya ce zai haɗa maka su cikin awa uku ƙarya yake yi.

A ina za ka biya? Manhajoji irin su Viator da GetYourGuide dillalai ne, ba su ke tafiyar ba. Amfaninsu shi ne yawancin zagayen da ke kansu kana iya fasawa a maido maka da kuɗi in ka yi haka awa 24 kafin lokaci, ga kuma ra'ayoyin waɗanda suka riga ka zuwa. Ka tsallake masu yabo tsantsa da masu zagi tsantsa, ka karanta na masu tauraro uku, su ke faɗin cewa abincin ya yi daɗi amma an shafe rabin yini a mota. Biya kai tsaye wajen masu shirya tafiyar wani lokaci ya fi sauƙi, kuma da su za ka yi magana baki da baki, amma ka nemi sharaɗin fasawa a rubuce kafin ka tura kafin alƙalami. Mai tare ka a bakin teku da farashi mai rahusa, ka tuna araha ba ta ado, kuma ba ka da inda za ka same shi gobe. Wanda ya zo a babban jirgin ruwa na shaƙatawa kuma yana da nasa lissafin daban: jirgin yana jiran waɗanda suka fita ta hannunsa in sun makara, amma ba ya jiran wanda ya yi gaban kansa.

Ka tabbatar ko abin da za a ba ka ya kai abincin rana ko lasa ce kawai, ko kuɗin mota da na shiga gona suna ciki, da kuma inda za a sauke ka in an tashi. Sannan ka sa zagayen a rana ta farko ko ta biyu da isarka, ba ta ƙarshe ba, don ka samu damar komawa da kanka wajen mai abincin da ya burge ka. Tsarabar man zaitun ko zuma kuwa, sayi ta gwangwani ka sa a babbar jaka, domin a yawancin filayen jirgin sama ba a barin abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu.