Wurin miƙa jikin nan na Bukoki, abin da na gani da abin da bai yi mini ba

Abokai da yawa sun tambaye ni game da ɗan sal ɗin nan da wani kine, wato mai gyaran jiki da motsi da tausa, ya buɗe a Bukoki cikin Yamai, wanda ba a ɗaga ƙarhe sosai a ciki, aikinshi miƙa jiki ne da sassauta gaɓoɓi da gyaran ƴan wasa da sunka ji ciwo. To ga amsata a taƙaice: wurin ya cancanci kuɗinshi, amma ba don abin da mutane ke tsammani ba. Duk wanda ya tahi can da tunanin za a kwantar da shi a ja mishi ƙafa har ta kai kunne ya tashi ya zama lahiyayye, zai dawo yana ƙorahi. Ni ina buga balo ne a ekip ɗin kartiyenmu, ƙanena kuma ɗan kokowa ne, mu biyu muke zuwa tun kahin azumin da ya wuce, don haka na ga aikin ta ɓangare biyu.

Wurin kanshi ba wani abin kallo ba ne. Shago biyu ne anka fasa bangon tsakani, anka shimhiɗa tapi mai kauri, akwai robobin ja kala-kala rataye a ƙusa, sanduna, benci biyu, gadon tausa ɗaya bayan labule, da madubi a bango guda. Shi ke nan. Mai wurin, kowa Koc yake ce mishi har dattawan da ke zuwa don ciwon baya, ya yi karatun kine kuma takardarshi tana manne a bango, abin da na so ƙwarai, don yanzu a Yamai duk wanda ya kalli bidiyo biyu a TikTok sai ya ce shi mai horarwa ne.

Ranar farko ba ya barin ka ka yi komi sai ya gwada ka, kuma nan ne na fara yarda da mutumen. Shina sa ka tsaya gaban bango, ka ja ƙafa baya kamar santimita 10, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba, ƙafar dama daban ta hagu daban. Sannan ka tsuguna har ƙasa da sanda bisa kai, ka kwanta ya ɗaga maka ƙafa a miƙe ya ga inda take tsayawa, ya juya maka cinya ciki da waje ya ga yadda kwatangwalo ke motsi, kuma duk shina rubutawa a kaye da sunanka. Ni ƙafata ta hagu, wadda na taɓa targaɗe tun ina lakkwal, ta kasa taɓa bangon, ta dama ta taɓa ba wahala. Sai ya tambaye ni ko ina jin takura in na zauna tahiya a salla, na ce wallahi kullum sai na karkace. Ya ce to Malam idon sawun nan ya warke amma bai koma motsi yadda yake ba, kuma in idon sawu ya ƙi lanƙwasa gwiwa ce ke ɗaukar nauyin in ka dira ko ka juya da gudu. Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba a kaina.

Abin da ya hi burge ni shi ne bai ɓoye mana gaskiyar da za ta iya rage mishi kiliyan ba. Mutum ne da ke cin abinci da etirman, wato miƙa jiki, amma da bakinshi yake cewa miƙa jiki shi kaɗai ba ya hana rauni yadda muke zato. Mu dai yadda munka taso, kahin a fara balo kowa ya kama ƙafa ya ja baya, a duƙa a taɓa yatsu, a yi ta lilo, minti biyu a ce an shirya. Shi kuwa ya ba mu labarin gwajin da anka yi da sabbin sojojin Ostireliya hiye da 1,500, wanda ya hito a 2000, rabinsu suna miƙa tsokokin ƙafa kahin atisaye rabi ba su yi, dukansu kuma suna ɗumama jiki, a ƙarshe raunin da sunka samu kusan ɗaya ne. Kuma ya ce in ka riƙe miƙa guda ya wuce sakan 60 dab da shiga hili, ƙarhin tsokar da saurinta suna ɗan raguwa na wani lokaci. Ko tsamin jikin nan da ke kama mutum washegari, miƙa ba ta hana shi wani abin kirki.

To mi ke hana rauni ke nan? A wurinshi abu biyu ne, ɗumama jiki da motsi, da ƙarfafa tsoka a daidai inda take miƙe. Tsokar da ba ta ɗumama ba, in ji shi, kamar fatar da ba a jiƙa ba ce, in dukawa sunka ja ta da ƙarhi tsagewa take. Shi ya sa seyans ɗinshi ke farawa da sassarfa a wuri ɗaya, wurga ƙafa gaba da baya da gehe, tahiya da dogon taku kana juya ƙirji, zagaya kafaɗa, sai jiki ya fara gumi kahin a taɓa wani abu mai wuya. Miƙa ta tsaye wadda ake riƙewa, sai a ƙarshe, sakan 30 kowace tsoka sau biyu, kana numfashi, kuma in ya ga ka yamutsa huska zai ce ka rage, ja ake so ka ji ba zahi ba.

Ga mu masu balo, ya koya mana tsarin ɗumama jiki na hana rauni da ake ce ma FIFA 11+ gaba ɗayanshi. Tsari ne da ya hito tun 2006, minti 20 ne kacal, gudu a farko, ƙarfafa jiki da tsayuwa da ƙafa ɗaya da tsalle a tsakiya, gudu mai sauri da juyi a ƙarshe, kuma ba ya buƙatar komi sai balo da ƴan alamomi a ƙasa. Da anka gwada shi a Norwe da ƴan mata masu balo kusan 1,900, sakamakon ya hito a 2008, raunuka sun ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya ba ni haushi da na ji wannan, kyauta ne, shekara da shekaru shina nan, amma je ka hilayen kartiye da yamma ko bayan sitad Seyni Kountché inda yara ke taruwa ka ƙirga ekip nawa ke yin shi. Yaranmu suna ta samun kilakaj, wato tsagewar tsoka, da ciwon gwiwa suna barin balo suna da shekara 19, a ce musu sammu ne ko baki.

A cikin tsarin akwai wanda ake ce ma Nordik, shi ne kowa ke tsoro a sal ɗin. Ka durƙusa, wani ya danne maka diddige, ka bar jikinka ya tahi gaba a hankali kana riƙe kanka da tsokar bayan cinya har ka kasa ka tare da hannu. Wallahi satin farko hawa kabu-kabu ma sai da dabara. Amma a Danmak an gwada shi da ƴan balo 942, sakamakon ya hito a 2011, waɗanda sunka yi shi sun samu tsagewar bayan cinya 15, waɗanda ba su yi ba 52. Koc ba ya gaggawa da shi, shina fara ka da biyar sau biyu, ya ƙara kaɗan kaɗan, kuma ba ya barin ka yi shi ana gobe wasa. Akwai ɗan uwanshi na cikin cinya, Kopenhag, ka kwanta ta gehe ka ɗora ƙafar sama bisa benci ka ɗaga jiki, wannan don ciwon matsematsi ne da ke damun masu buga balo da ƙarhi, ni dai shi ya hi yi mini amfani.

Maganar ƙanena kuwa daban ce kuma ita ce dalilin da ya sa nake rubuta wannan da zuciya ɗaya. Yaron nan tun shina ƙarami a Tawa yake kokowa, garin da anka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a 1975 lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauka, burinshi ke nan dare da rana. Ƙarhi gare shi ba magana, amma jikinshi a sandare yake, ba ya iya tsugunawa diddige a ƙasa, in abokin karawa ya kama mishi ƙafa ɗaya ya ɗaga sama, nan take shina tangal-tangal don kwatangwalonshi ba ya buɗewa. Kuma kun san a kokowarmu ba sai an maka ka da baya ba, gwiwoyi da hannu su taɓa ƙasa an gama da kai. Masu gidanshi na kokowa, Allah ya saka musu, sun koya mishi kamu da dabara da juriya, amma ba wanda ya taɓa ce mishi sassaucin ƙugu ma makami ne.

Da farko ya ƙi, cewa yake wannan aikin mata ne, namiji ba ya kwanciya bisa tapi shina lanƙwashe-lanƙwashe. Koc bai yi mishi faɗa ba, sai ya ce ƙanena zo, ka san Alfaga? Mutumen da ya hi mita 2 tsawo, ya ciyo ma Nijar azurfa a gasar Olampik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya na taikwando a 2017, kana ganin ƙafar nan tana kai kan mutum ba tare da aikin ƙugu kullum ba? Yaron ya yi shiru. Daga nan ya sa shi zaman da ake ce ma 90/90, ƙafa ɗaya a lanƙwashe gaba ɗaya gehe, ya juya daga wannan ɓangare zuwa wancan ba tare da dafa ƙasa ba, da tsugunne mai zurhi da ɗan nauyi a ƙirji, da wata dabara da nake so ƙwarai: ya ɗaga maka ƙafa har inda ta tsaya, ya ce ka tura hannunshi da ƙarhi ƴan sakanni, ka saki, sai ka ga ƙafar ta ƙara tahiya da kanta ba a tilasta ta ba. Ya ƙara mishi da aikin wuya da kafaɗa, don kokowa kai da kai ake haɗawa. Yanzu in anka ɗaga mishi ƙafa shina iya tsayawa da ɗayar shina tsalle har ya samu kamu, na gani da idona a antirenman ɗinsu, ba labari anka ba ni ba.

Wani abin da ya ƙara mini yarda da shi, ya san iyakar aikinshi. Wani matashi ya zo da gwiwa a kumbure shina cewa a tausa mishi, ya ji ƙara lokacin da ya juya a hili. Koc ya duba, ya ƙi taɓawa, ya ce tahi likita su gani tukuna, wannan ba na tapi ba ne. Ba ya zagin maɗora kuma, cewa yake mutanenmu ne, amma jijiyar cikin gwiwa in ta tsinke ja da murza ba su haɗa ta.

To yanzu abin da bai yi mini ba, don akwai. Zahi. Bantilate biyu ne a ɗakin, rufin tol ne ba silin, a watan Afrilu da Mayu da Yamai ke wuce digiri 40 wurin ba ya shiguwa kahin la'asar sakaliya, in wuta ta tahi kuwa sai a hito da tapi waje bakin hanya ƙura na tashi. Ruwan sha ma kai za ka zo da naka. Sannan cunkoso: tsakanin ƙarhe 5 da magariba mutum goma sha wani abu a ɗakin da bai kamata ya wuce takwas ba, shi kaɗai da yaro guda mai taimaka mishi, kuma aikin nan in ba a tsaye kanka ana gyara maka ba kuskure za ka yi ta maimaitawa, musamman Nordik da mutane ke karya ƙugu suna tsammani suna yi daidai. Da sahe bayan asuba ya hi sauƙi, a azumi kuma ya maida seyans bayan tarawi, wannan ya kyauta.

Kuɗi jika 10 ne a wata sau uku a sati, ko jika 1 a zuwa guda, gwajin farko jika 2. Ga ma'aikaci ba yawa, ga ɗan kokowar da ke dako a Katako ko yaron lakkwal kuwa da nauyi, kodayake in ekip ta zo a haɗe shina ragewa, kuma shina rubuta ma kowa abin da zai yi a gida don kada ya zama sai ka biya za ka motsa.

Abin da ya hi damuna shi ne babu lokacin mata. Ƴan mata masu balo da hanbal da taikwando suna da yawa a garin nan, kuma tsinkewar jijiyar gwiwa ta hi samun mata ƴan wasa bisa ga maza, su ne ma sunka hi buƙatar wannan aiki, amma ba uban da zai bar ɗiyarshi ta shiga ɗaki cike da ƙarti ana kama ƙafa. Na faɗa mishi gaba da gaba, na ce Koc ka ware musu ko sahiyar Asabar da Lahadi ka samo mace kine ta riƙe su. Ya ce shina neman wadda za ta yarda da ɗan abin da zai iya biya, har yanzu dai bai samu ba. In akwai ƴar uwa da ta yi wannan karatu tana zaune ba aiki, ta leƙa ta yi magana da shi, ni kaina ina da ɗiyar yayata da ke buga hanbal wadda zan fara kaiwa.