Kayan tanadin ruwa: wanne za ka fara saya?

Kafin ka sa hannu a aljihu, ka zagaya gidanka da dare bayan kowa ya kwanta, ka kasa kunne. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, kuma sau da yawa 'yar robar da ke cikin kansa ce ta cinye. Ita za ka fara saya.

A banɗaki, sa bokiti mai cin lita 10 ƙarƙashin shawa ka buɗe. In ya cika kafin minti ɗaya, kan shawar nan mai ɓarna ne. Masu tanadi suna sakin lita 6 zuwa 8 a minti, sai dai in ruwan gidanka ba shi da ƙarfi za su riƙa tsiyaya ne kawai, don haka ka tambayi ƙarfin da suke buƙata. Tankin masai mai maɓalli biyu yana sakin lita 6 ko 3, alhali tsofaffi kan kwashe lita 13 a tashi ɗaya. Yana da kyau, amma ni ba zan cire mai aiki don shi ba, sai ranar da tsohon ya lalace.

A lambu ne zaɓi ya fi wuya. Na'urar feshi ta fi sauƙin kafawa, kuma ta dace da fili mai ciyawa. Amma tsaya kusa da ita da rana ka gani: iska na kwasar ruwan, wani ya sauka a ganye, wani a kan hanya, rana ta shanye wani. Bututun ɗigo kuwa a gindin shuka yake ajiye ruwa, kowane ƙaramin rami yana ba da kamar lita 2 ko 4 a awa, kusan kashi 90 cikin 100 na isa ga saiwa. Saman ƙasa sai ka ga ɗan da'irar danshi kawai, in ka tona da yatsa ka tarar ƙasa ta jiƙe sharaf. Aibinsa toshewa. Kada ka yarda a sayar maka da shi ba abin tace ruwa, domin 'yar ƙwayar yashi ta isa ta kashe rami, ba za ka ankara ba sai shukar ta yi yaushi.

Mai 'yan shuke-shuke kaɗan, ina ganin tulun yumɓu ya fi masa duka biyun. A binne shi har wuya, a cika, a rufe baki. Ruwan na naso ta jikinsa gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya zama mai fenti ko sheƙi, irin wannan ba ya naso.

Tankin ruwan sama kuma da lissafi ake sayensa. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, zai ba ka kusan lita 1,000. Zaɓi wanda haske ba ya ratsa shi saboda gansakuka, mai murfi da raga saboda sauro, sannan ka haɗa da abin da zai karkatar da ruwan farko, wanda ke wanko ƙura da kashin tsuntsu daga rufi.