Asibitin jijiyoyin da muka kai Baba a Kumasi

Baba ya fi shekara 30 yana rubuta wa yara allo a Aboabo, don haka a rubutunsa muka fara ganin matsala. Baƙaƙen sai su fara manya a farkon layi, kafin ya kai ƙarshe sun ƙanƙance kamar sawun tururuwa. Daga baya hannun dama ya soma kaɗawa in yana zaune, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi. Wasu suka ce jifa ne, wasu hawan jini. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Sai wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu ta ce mu nemi likitan jijiyoyi.

Bari in fara da abin da bai yi mini daɗi ba. Mun isa ƙarfe 7 na safe, ba a kira mu ba sai bayan 11, ga benci mai tauri ga dattijo mai ciwon jiki. Ba wanda ke jin Hausa a wurin karɓar kati, Tonanci ne da Turanci, ni na zama tafinta. Maganin kuma babu shi a kantinsu ranar, sai da na zaga shaguna uku, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Amma likitan ya biya mu wahalar. Bai fara da na'ura ba. Ya ce, "Malam, tashi ka taka mini zuwa ƙofa." Ya nuna mini yadda hannun dama ba ya lilo kamar na hagu. Ya sa shi haɗa yatsu biyu yana buɗewa da sauri, ya tsaya bayansa ya ja kafaɗunsa. Sannan ya yi tambayoyin da suka ba ni mamaki: yana jin ƙamshin abinci? Bayan gida na yi masa wuya? Yana dukan iska cikin barci? Duk Inna ta daɗe tana faɗa, ba mu taɓa haɗa su da hannun ba. Ya ce cutar Parkinson ce, sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817, kuma sinadarin dofamin ne ke raguwa a ƙwaƙwalwa.

Nan na kawo tsorona. Na karanta a intanet cewa gara a jinkirta levodopa, maganin da ake ba masu wannan cutar, wai fara shi da wuri ke jawo murɗe-murɗen jiki daga baya. Likitan ya ce amsar wannan a ƙasarmu aka samo wani ɓangarenta. Dakta Roberto Cilia da abokan aikinsa daga Italiya, tare da Albert Akpalu na asibitin Korle Bu da ke Accra da Fred Stephen Sarfo na nan Kumasi, sun kwatanta majinyatan Gana, waɗanda sukan daɗe ba su sami maganin ba, da na Italiya. Sakamakon ya fito a mujallar Brain a 2014: daɗewar cutar da yawan maganin da ake sha a rana su ne ke da alaƙa da murɗe-murɗen, jinkirta farawa ba ya kare mutum. Na ji wani iri, wato rashin maganin da mutanenmu suka sha ne ya zama hujjar da likitocin duniya ke kafawa da ita.

Baba ya tambaye shi batun ƙarara, don wani ya ce masa tana magani. Likitan bai yi masa dariya ba. Ya ce da gaske akwai levodopa a 'ya'yanta, masu bincike sun gwada garinta, amma kada mu auna da kanmu a gida.

Shawarar da ta fi yi mana amfani ta abinci ce: wake, nama da madara na rage shigar maganin, don haka a sha shi kamar rabin awa kafin ci. Baba mai koko da ƙosai da asuba ya yi ta mita, yanzu ya saba.

Rawar hannun ba ta tafi duka ba, amma yana ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, jiya ma ya rubuta wa jikansa Fatiha a allo. Wata mai zuwa za mu koma, zan tafi da matashin zama da fulas ɗin koko.